DALLA-DALLA: Dogon tsakiya ko ɗan gefe, a kan wa ya dace a gina ƙungiyar ƙwallon kwando?

Duk ƙungiyar ƙwallon kwando da ta samu damar ɗaukar babban ɗan wasa guda ɗaya tak, tambaya ɗaya ce ke hana shugabanninta barci: a ɗauki dogon da zai mamaye gindin kwando, ko a ɗauki ɗan gefe mai iya kowane aiki a fili? Amsar da aka bayar kan yanke makomar ƙungiya na tsawon shekara goma. Ta ɗaga wasu shugabanni, ta kuma ci kujerun wasu.

Muhawarar ta fi zafi a gasar NBA ta Amurka, amma Najeriya na da hannu dumu-dumu a cikinta. Ɗan Legas ne aka fifita a kan Michael Jordan a 1984, kuma wanda ya tashi a Zariya ne ya yanke ɗaya daga cikin shawarwarin da aka fi tunawa da su kan wannan batu a 2018. Wannan bayani ya tattaro tarihin muhawarar, da dalilan kowane ɓangare, da abin da take nufi ga ƙungiyoyinmu na gida.

Su wane ne waɗannan 'yan wasa biyu?

'Yan wasa biyar kowace ƙungiya ke sakawa a fili, kuma kwandon da ake jefa ƙwallo a ciki yana da tsayin mita 3.05 daga ƙasa. Dogon tsakiya shi ne wanda ya fi kowa tsawo, galibi ya haura mita 2.08. Mazauninsa gindin kwando. Idan ƙungiyarsa ce ke kai hari, sai ya juya wa mai tsaronsa baya, ya ture shi da ƙarfin jiki, ya zura ƙwallo daga kusa. Idan ita ake kai wa hari, shi ne mai doke ƙwallo a sama kafin ta isa kwando, shi ne kuma mai cafe wadda aka jefa ba ta shiga ba.

Ɗan gefe kuwa matsakaici ne a ma'aunin wannan wasa, tsawonsa kan kama daga mita 1.96 zuwa 2.06 ko kusa da haka. Darajarsa tana cikin yawan ayyukan da ya iya. Yana tafiya da ƙwallo, yana jifa daga nesa, yana kutsawa cikin masu tsaro, yana kuma iya tsare gajere mai sauri ko dogo mai ƙarfi gwargwadon buƙata.

Abin da ya sa zaɓin ke da wuya shi ne tsarin gasar. NBA na da ƙungiyoyi 30, kuma sabbin 'yan wasa ba a sayen su a kasuwa kamar yadda ake yi a ƙwallon ƙafa ta Turai. Sau ɗaya a shekara ake zaɓen su bi da bi, ƙungiyoyin da suka fi shan kashi su ne ke da damar fara zaɓa. Ga kuma dokar ƙayyade albashi da ke hana mai kuɗi kwashe gwanaye duka. Don haka damar samun gwani na gaske ba ta zuwa kullum, wanda ya ɓarar da ita kan daɗe yana cizon yatsa.

Zamanin da dogaye ke mulki

Shekaru arba'in na farko na NBA ba su bar wurin gardama ba. George Mikan ya addabi abokan hamayya har aka faɗaɗa da'irar gindin kwando daga ƙafa 6 zuwa 12 a 1951 domin a nisanta shi da kwandon. A 1964 aka sake faɗaɗa ta zuwa ƙafa 16 saboda Wilt Chamberlain. Bill Russell ya ɗauki kofi 11 cikin shekara 13 da Boston Celtics, mafi yawa da ƙarfin tsaro. Kareem Abdul-Jabbar ya zama gwarzon ɗan wasa na shekara har sau shida.

Lissafin wancan lokaci a bayyane yake. Kowane jifa maki biyu ne, ko daga kusa ko daga nesa, saboda haka wanda ya fi kusa da kwando shi ya fi tabbacin ci. Masu neman 'yan wasa kuma suna da hujjar da suke maimaitawa, cewa ana iya koya wa yaro jifa da tafiya da ƙwallo, amma ba a koya masa tsawo.

Darasin 1984

Hakeem Olajuwon ya tashi a Legas yana tsaron raga a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu. Sai da ya zama saurayi ya fara ƙwallon kwando, kuma gasarsa ta farko ita ce ta makarantun horar da malamai da aka yi a Sakkwato. Daga nan ya tafi Jami'ar Houston. A zaɓen 1984, Houston Rockets ce ke da damar farko, ta ɗauke shi. Portland Trail Blazers ce ta biyu, ta ɗauki wani dogon mai suna Sam Bowie. Chicago Bulls ta zo ta uku, ta ɗauki Michael Jordan.

Ƙungiyoyi biyu ke nan suka tsallake Jordan saboda dogo, amma tarihi bai yi masu hukunci iri ɗaya ba. Olajuwon ya kawo wa Houston kofi a 1994 da 1995. A 1994 shi ne gwarzon shekara, shi ne gwarzon mai tsaro, shi ne kuma gwarzon wasannin ƙarshe. Har yau babu wanda ya kamo shi a yawan doke ƙwallo a tarihin da gasar ta rubuta, inda yake da 3,830. Ko da yake Jordan ya ɗauki kofi shida, ba kasafai ake zargin Houston da kuskure ba.

Portland kuwa har gobe ana buga misali da ita. Bowie ya riga ya rasa kakar wasa biyu a jami'a saboda tsagewar ƙashin ƙafa, kuma raunin bai rabu da shi ba. Dalilin ƙungiyar shi ne tana da ɗan gefe, Clyde Drexler, abin da ta rasa dogo ne. Wato ta zaɓi cike gurbi, ta bar wanda ya fi iyawa.

An sake irin wannan a 1998, lokacin da Los Angeles Clippers ta fara da Michael Olowokandi, dogo haifaffen Legas, ta bar Vince Carter da Dirk Nowitzki da Paul Pierce. A 2007 Portland ta sake samun damar farko, ta ɗauki Greg Oden ta bar Kevin Durant. Wasa 82 kacal Oden ya buga mata saboda ciwon gwiwa, adadin da ake bugawa a kaka guda. Durant ya zama wanda ya fi kowa cin maki a kakanni huɗu, ya kuma zama gwarzon shekara a 2014.

Abin da ya sauya lissafi

A kakar 1979 zuwa 1980 NBA ta shata layin da duk jifan da aka yi daga bayansa ke ba da maki uku. A farkon lamari ƙungiya ba ta kai jifa uku irin wannan a wasa guda. A 'yan shekarun nan kuwa matsakaicin ya kai wajen 35. Dalilin lissafi ne mai sauƙi. Wanda ke cin kashi 55 cikin ɗari na jifansa daga kusa yana samar da maki 110 a jifa ɗari. Wanda ke cin kashi 37 kacal daga bayan layi yana samar da 111.

Dokoki ma sun taimaka. A 2001 aka hana mai tsaro tsayawa a gindin kwando fiye da daƙiƙa uku idan ba ya tsaron kowa. A 2004 aka tsaurara hana dafa mai ƙwallo da hannu, abin da ya buɗe wa masu sauri hanya. Sai masu horarwa suka gano dabarar fito da dogo daga mazauninsa: a sa wanda yake tsaro ya fita can nesa ya yi wa abokin wasansa shinge. Idan dogon ya zauna a gindin kwando, an samu sararin jifan maki uku. Idan ya biyo, mai sauri ya wuce shi.

A wasannin kaka na yau da kullum ana iya rufe wannan rauni. A zagayen fitar da gwani kuwa, inda ƙungiyoyi biyu ke iya karawa har sau bakwai a jere, ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. Abokan hamayya za su yi ta kai wa dogo mai nauyin ƙafa hari har sai kocinsa ya zaunar da shi a benci. Daga 2012 zuwa 2020, shekara tara a jere, duk wanda ya zama gwarzon wasannin ƙarshe ɗan gefe ne: LeBron James sau huɗu, Kawhi Leonard sau biyu, Kevin Durant sau biyu, Andre Iguodala sau ɗaya.

'Yan Najeriya sun ga wannan sauyi a jikinsu. A gasar Olamfik ta Landan a 2012 Amurka ta lallasa D'Tigers da maki 156 da 73, inda ta zura jifan maki uku har 29. Ranar 10 ga Yuli, 2021, a wasan sada zumunta a Las Vegas, Najeriya ta doke Amurka da 90 da 87 ƙarƙashin koci Mike Brown, kuma da makamin da aka yi mata illa ta rama, domin ta zura jifan maki uku guda 20.

Shawarar ɗan Zariya

An haifi Masai Ujiri a Ingila a 1970, ya tashi a Zariya, inda ya koyi wasan a filayen sarari, kuma Oliver Johnson, Ba'amurken kocin da ya daɗe yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello, na cikin waɗanda suka rene shi. Ya fara aiki a NBA a matsayin mai farautar 'yan wasa, ya zama babban manajan Denver Nuggets a 2010, aka zaɓe shi gwarzon shugaban ƙungiya a 2013, a shekarar ne kuma ya koma Toronto Raptors ta Kanada.

Toronto ta ci wasa 59 a kakar 2017 zuwa 2018, amma Cleveland ta LeBron James ta fitar da ita da ci huɗu da nema. Shekara ta uku ke nan a jere da mutum ɗaya ke tare mata hanya. Ujiri ya karanci matsalar da cewa ba shi da ɗan gefen da zai yi gaba da gaba da irin LeBron. Ya sallami koci Dwane Casey, wanda a shekarar aka ba shi kyautar gwarzon koci. A watan Yulin 2018 ya miƙa wa San Antonio Spurs tauraron ƙungiyar, DeMar DeRozan, da matashin dogo Jakob Poeltl, da damar zaɓe ɗaya, ya karɓo Kawhi Leonard da Danny Green. Kasada ce babba, domin wasa tara kawai Leonard ya buga a kakar da ta gabata saboda rauni, kuma shekara ɗaya ta rage a kwantiraginsa.

Yawancin masu ba da labarin a nan suke tsayawa, alhali akwai rabi na biyu. A watan Fabrairun 2019 Ujiri ya ba da dogonsa mai cin maki, Jonas Valančiūnas, da wasu 'yan wasa biyu, ya ɗauko Marc Gasol na Sifaniya, gwarzon mai tsaro na 2013, wanda shekarunsa sun ja amma ya iya raba ƙwallo da jifan nesa. Amfanin wannan musaya ya fito a karawa da Philadelphia. Joel Embiid na Kamaru, wanda ke cin sama da maki 27 a kowane wasa a kakar, ya faɗo ƙasa da 18 a hannun Gasol. A wasa na bakwai Leonard ya yi jifan ƙarshe ta saman Embiid ɗin, ƙwallon ta yi tsalle sau huɗu a bakin kwando ta faɗa ciki, aka tashi 92 da 90.

A zagaye na gaba Milwaukee ta ci wasa biyu na farko. Sai aka ɗora Leonard a kan Giannis Antetokounmpo, dogaye suka yi masa katanga a baya, Toronto ta ci huɗu a jere. Ranar 13 ga Yuni, 2019, ta doke Golden State Warriors, wadda raunuka suka raba ta da Durant da Klay Thompson, ta ɗauki kofinta na farko. Bayan wata guda Leonard ya koma Clippers.

Abin da ya biyo baya shi ne ɗaya fuskar darasin. Gasol da Serge Ibaka sun tafi a 2020. Ujiri ya cika ƙungiyar da 'yan wasa masu tsawo kusan ɗaya, masu iya sauya matsayi: Pascal Siakam na Kamaru, OG Anunoby da Precious Achiuwa masu asali da Najeriya, da Scottie Barnes da aka zaɓa na huɗu a 2021. Babu dogon tsakiya na gaske a cikinsu. A 2022 Philadelphia ta Embiid ta fitar da su a zagayen farko. A Fabrairun 2023 Toronto ta biya damar zaɓen zagayen farko domin dawo da Poeltl, dogon da ta bayar shekara biyar da suka wuce. A watan Yunin 2025 Ujiri ya rabu da ƙungiyar.

Dogaye sun dawo da sabuwar kama

A daidai lokacin da ake cewa zamanin dogaye ya wuce, sai ga Nikola Jokić na Sabiya, wanda Denver ta zaɓa na 41 a 2014, ya zama gwarzon shekara a 2021 da 2022 da 2024, ya kuma ɗauki kofi a 2023. Embiid ne ya karɓi kyautar a 2023. A shekarar San Antonio ta fara zaɓe da Victor Wembanyama na Faransa, wanda ya haura mita 2.20 amma yana tafiya da ƙwallo yana jifan nesa.

Waɗannan dogaye sun tsira ne saboda sun koyi aikin 'yan gefe. Jokić shi ke tsara harin ƙungiyarsa. Antetokounmpo, ɗan 'yan Najeriya da aka haifa a Girka, yana da tsawon ɗan tsakiya da gudun ɗan gefe, har ba a san rukunin da za a sa shi ba. Ko Olajuwon, sirrinsa saurin ƙafar da ya samo daga tsaron raga ne, kuma kofinsa na biyu ya zo ne bayan Houston ta kawo masa Drexler a Fabrairun 1995. Shaquille O'Neal ya samu Kobe Bryant. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka a wannan wasa.

Yadda lamarin yake a gida

Ƙungiyoyin Najeriya da dokokin hukumar FIBA suke wasa, kuma sun bambanta da na NBA a wurare masu muhimmanci. Babu dokar daƙiƙa uku a kan mai tsaro, don haka dogo na iya kafa sansani a gindin kwando. An yarda a doke ƙwallo bayan ta taɓa bakin kwandon. Wasa minti 40 ne maimakon 48, abin da ke rage wa mai nauyin jiki gajiya. Duk waɗannan suna ƙara wa dogo daraja. A ɗaya ɓangaren, layin maki uku yana mita 6.75, kusa fiye da mita 7.24 na NBA, wanda hakan riba ce ga mai jifa. Lokacin da D'Tigers ta ɗauki kofin Afirka a Tunisiya a 2015, bayan doke Angola da 74 da 65, ɗan gefe mai jifan nesa, Chamberlain Oguchi, shi ne gwarzon gasar.

Kano Pillars ta ƙwallon kwando, wadda ke wasa a rufaffen ɗakin filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, ta ɗauki kofin ƙasa sau da dama, har da na 2016 da 2017, ta kuma zo ta uku a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka a Alƙahira a 2016. Da kuɗin gwamnatin jiha ake tafiyar da ita, kamar yawancin takwarorinta na rukunin Savannah, saboda haka wanda aka ɗauka da abin da aka biya shi batu ne da ya shafi mai biyan haraji.

Sai dai ƙungiya ba ta gina kanta a kan kowa idan babu gasa mai ɗorewa. A watan Yunin 2017 aka yi zaɓen shugabancin hukumar NBBF sau biyu a kwana biyu, ɗaya a Kano wanda ya ba Tijjani Umar, ɗaya a Abuja wanda ya ba Musa Kida. Rikicin ya gurgunta gasar cikin gida na shekaru. A watan Mayun 2022 gwamnatin tarayya ta sanar da janye ƙasar daga wasannin duniya na shekara biyu. Ta janye matakin a watan Yuni, amma kafin nan D'Tigress ta rasa gurbinta a gasar cin kofin duniya, aka ba Mali.

Ma'aunai huɗu kafin yanke shawara

Na farko, lafiya. Jikin da ya haura mita 2.10 yana ɗora wa gwiwa da ƙashin ƙafa nauyi mai yawa, kuma tarihin rauni ba ya ɓacewa don an sa hannu a kwantiragi. Manomin rani a Kura ko Bunkure ya san wannan lissafi. Wanda ya cika gonarsa da tumatir zalla ya fi kowa riba a shekara mai kyau, amma da tsutsar tumatir ta auka wa gonakin Kadawa a 2016, wanda ya raba fili tsakanin tumatir da albasa da masara shi ya samu abin kaiwa kasuwa. Ƙungiyar da ta tsara komai a kan dogo ɗaya tana rushewa ranar da ya ji ciwo.

Na biyu, minti biyar na ƙarshe. Ɗan wasan da koci zai cire saboda abokan hamayya sun gano lagonsa bai cancanci mafi tsokar albashi ba, komai yawan makin da yake ci a farkon wasa.

Na uku, sauƙin samun madadi. A NBA ana samun dogo mai tsaro da cafe ƙwallo a farashi mai sauƙi, ɗan gefe irin Leonard ne ke wuya. A gasar Najeriya abin na iya juyawa, domin matashi mai tsawon gaske da ya nuna alamar iyawa kan samu gurbin karatu a waje tun kafin ƙungiyar gida ta more shi.

Na huɗu, kada gurbin da ƙungiya ta rasa ya rufe mata ido daga wanda ya fi iyawa. Wannan ne ya ci Portland a 1984.

Idan aka haɗa su, hukuncin da tarihi ya fi goyon baya shi ne: in gwanayen biyu sun yi kunnen doki, ɗan gefe ya fi aminci, sannan a nemo masa dogo mai tsaro. In kuwa dogon irin Olajuwon ne ko Jokić, mai lafiya, mai saurin ƙafa, mai raba ƙwallo, shi ake ɗauka ba tare da jinkiri ba.

Ga masu horar da yara a makarantun Kura da Bunkure da Garun Malam, ma'anar wannan ita ce kada a dasa dogon yaro a gindin kwando tun yana shekara 13 a ce aikinsa cafe ƙwallo kawai. A koya masa tafiya da ƙwallo da jifa kamar kowa. Abin da hakan ke buƙata daɓen siminti ne mai tsawon mita 28 da faɗin 15, da kwanduna biyu, da malamin da ya san aikin. Tambayar da ta dace matasa su yi wa shugabannin ƙananan hukumominsu ita ce nawa aka ware wa wasanni a kasafin bana, kuma fili nawa aka gina da shi.